Salak ɗin kawa da mangwaro: me ya sa nawa ya narke ya koma ruwa?

Sabuwar_Kuku:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin kan girkin kayan teku ku taimaka min, abu ya sha min kai. Akwai wani salak da na taɓa ci a wajen wata liyafa, da ɗanyar kawa aka yi shi, wannan halittar ta teku mai ɓawo biyu da wasu ke ce wa oista, an haɗa ta da mangwaro da ɗan barkono da lemun tsami, wlh har yau ɗanɗanon bai bar bakina ba, ga sanyi ga ɗan gishiri-gishirin nan na teku sai kuma zaƙin mangwaron ya biyo baya. To shekaranjiya na samu kawa mai rai guda 12 na ce yau dai sai na yi nawa.

Ga yadda na yi, ku faɗa min inda na kwafsa. Da hantsi na buɗe su da ƙyar da jiɓin goshi, don saura ƙiris wuƙar ta tsaga min tafin hannu, guda biyu ma ɓawon ya farfashe a ciki. Na wanke naman tas da ruwan famfo har sau uku saboda yauƙin nan. Na yanka abarba da gwanda da mangwaro nunanne luguf, na matse lemun tsami guda 4, na barbaɗa gishiri na juya na rufe na sa a firij tun ƙarfe 11 har bayan faɗuwar rana, don na ji ana cewa tsamin lemu shi ke dafa ta ya kashe ƙwayoyin cuta. Da na buɗe kwanon nan, innalillahi! Ruwa ne tsundum, kawar ta yi fari fat ta saki jiki, kana taɓa ta da cokali ta dagargaje kamar audugar da ta sha ruwa, ga wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, ƙamshin tekun nan kuwa ko sama ko ƙasa. Haka na juye a shara ina ji ina gani.

Abin da nake so in sani, abarbar ce ta ɓata min ko lemun ne ya yi yawa? Da gaske ne lemun tsami yana kashe cutar da ke jikinta? Kuma yaya ake buɗe abin nan ba tare da mutum ya raba kansa da yatsa ba? Na gode.

Ɗan_Zolaya:

Wa'alaikumus salam. Ni fa da na ga kan maganar sai da gabana ya faɗi, na zaci ƙawarki ce ta ɓata miki rai kika yanka ta da mangwaro. Ashe ƙugiyar k ce babu. To Allah ya kyauta, amma gsky awa takwas a cikin abarba ko ni kika jiƙa sai na narke. Bari manya su zo.

Anti_Mai_Cokali:

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kar ki damu, duk wanda kika ga ya iya abin nan sai da ya zubar da kwano ɗaya ko biyu. Shi wancan mai zolayar ma cikin wasa ya faɗi gaskiya.

Babban mai laifin abarba ce, gwanda kuma ta kama mata. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira buromelin, gwanda kuma tana da fafayin, aikinsu ɗaya, narkar da furotin. Kin san yadda harshenki ke yin raɗaɗi in kika sha abarba da yawa? To shi ne, ke kina cinta ita ma tana ɗan cinki. Shi ya sa masu girki ke jiƙa nama mai tauri a cikinsu don ya yi laushi. To ki duba, abin da ke lausasa naman sa me zai yi wa kawa, wadda dama can taushinta kamar hanta ɗanya ko ma ya fi? Kuma kika ba shi yini guda. Zafi ne kawai ke kashe ƙarfin sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin wannan ɓarnar, haka in kika ɗan gasa yankan abarbar a kan kasko ta yi jaja-jaja sannan ta huce. Ni gasasshiyar ma ta fi min daɗi a nan, don tana kawo ɗan ƙamshin hayaƙi. Gwanda kuwa ki bar ta kawai, ba ta da tsamin da za ta taimaka miki da shi.

Na biyu lemun tsami. Guda 4 ga kawa 12 ya yi yawa nesa ba kusa ba, kuma tsami yana daskarar da naman ya mai da shi fari ya matse ruwan jikinsa waje, gishirin da kika ƙara kuma ya tatso ruwan mangwaro da na abarba, shi ne tafkin da kika tarar. Ɗacin nan ma ina zargin lemun, don ruwan lemu in an matse ya daɗe a ajiye yakan juya ya yi ɗaci, balle in kin matse da ƙarfi har farin ɓawon ya bayar da nasa.

Na uku, wanda ya fi ba ni takaici, wankin nan sau uku. Haba ƙanwata! Wannan ruwan da kike gani a cikin ɓawon shi ne rabin kuɗinki, shi ne ɗanɗanon tekun da kika ce bai bar bakinki ba. Ɓawon ake wankewa da buroshi tun kafin a buɗe, naman ba a kai shi famfo. Ki buɗe a saman ƙaramin kwano, ki tace ruwan da mataci mai laushi saboda yashi da ɓurɓushin ɓawo, da shi za ki haɗa ruwan salak ɗin.

Ga yadda nake yin nawa na mutum uku ko huɗu, da kawa 12. Mangwaro rabi, wanda ya fara nuna amma da sauran ƙarfinsa, in kin danna da yatsa ya ɗan lotsa kaɗan, ba luguf ba, ki yanka ƙanana-ƙanana ƙwarai yadda ba zai fi kawar girma a baki ba. Kokwamba rabi, ki kankare 'ya'yan tsakiyar da cokali don su ne ruwa. Ƙaramar jar albasa ɗaya ki yanka siriri ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10 ki tsane, zafinta zai faɗa ba za ta danne komai ba. Barkono ɗanye ɗaya ki cire 'ya'yan, in attaruhu ne kwata ma ya isa, yana da ƙamshin 'ya'yan itace da ke tafiya da mangwaro sosai amma in ya yi yawa shi kaɗai za ki ji. Ganyen na'a-na'a da na koriyanda ɗan kaɗan, ki yayyaga da hannu.

Ruwan haɗin kuma, lemun tsami babban cokali 2 wanda kika matse a lokacin, ruwan kawar da kika tace babban cokali 2, man girki marar ƙarfin ƙamshi babban cokali 1, zuma ko suga rabin cokalin shayi, sai citta ɗanya ki goga ɗan mitsitsi. Ki kaɗa ki ɗanɗana. Gishiri kar ki taɓa shi sai kin ɗanɗana, sau da yawa ma ba a buƙata don kawar ta zo da nata daga gida.

Ki haɗa su mangwaron da ruwan haɗin su zauna a firij kamar kwata na awa su san juna. Kawar kuwa sai mutane sun zauna sannan take shiga, ki ɗora ta a sama ki ɗan juya sau ɗaya a hankali, cikin minti 5 a ci. Farantin ma ki sanyaya shi tukun. In kina son abin taunawa ki kankare kwakwa ki soya ta a busasshen kasko ta yi ruwan zuma ki barbaɗa. Fiya ma tana shiga amma ni ba na sawa, laushi kan laushi ne, baki ya rasa abin kamawa.

Mutanen Tailan suna da nasu da suke kira yam hoi nang rom, su sukan sa ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami a yanka ta siriri kamar gashi, da na'a-na'a da soyayyiyar albasa da ruwan kifin nan na kwalba mai gishiri da gasasshen barkono da aka niƙa. Faransawa kuwa albasa ce kawai da khal, wato binega, da masoro. Duk ki lura babu wanda ke jiƙa ta yini guda a cikinsu.

Maganar kashe cuta kuwa na bar wa masu asibiti, amma dai a taƙaice a'a.

Ɗan_Teku:

Anti ta gama magana a kan haɗi, ni bari in taɓa wajen saye da ajiya da buɗewa don na daɗe ina fama da su.

'Yar uwa, abu na farko dole kawar ta kasance da rai har lokacin da wuƙa za ta shige ta. Ki ɗauka ki ji nauyinta, mai rai tana da nauyi don cike take da ruwa, bakinta a rufe gam. In kin ga wadda ta ɗan buɗe baki ki ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, in ta rufe tana nan, in ta yi biris ta mutu ki jefar kar ki yi tunanin asara. Wadda ɓawonta ya fashe ma haka. Ki haɗa biyu ki buga, mai rai ƙarar dutse take yi, matacciya kuwa sai ki ji ƙwal-ƙwal kamar ba komai a ciki. In kin buɗe ki shinshina, iskar bakin teku ya kamata ki ji, in kika ji wari ko kika ga naman ya bushe ya manne, ba sai an faɗa miki ba.

Ajiya, ki jera su a faranti gefen mai zurfin yana ƙasa, mai faɗin yana sama, don kar ruwansu ya tsiyaye, ki rufa jiƙaƙƙen tawul ki sa a firij, ma'aunin firij ɗin kar ya haura digiri 4. Kar ki ɗaure su a leda, numfashi suke yi. Kar ki tsoma su a ruwan famfo wai su sha, ruwan daɗi kashe su yake. In a kan ƙanƙara za ki ɗora to ya zama ruwan da ke narkewa yana da hanyar fita. Kuma gara a ci a ranar ko washegari.

Buɗewa kuma, na tabbata wuƙar yanka albasa kika ɗauka shi ya sa. Akwai wuƙarta ta musamman, gajeriya mai kauri, ba kaifi ake nema ba ƙarfi ake nema. Ki ninka tawul ki kwantar da kawar a kan tebur, mai zurfin a ƙasa, ki rufe ta da tawul ɗin ki danne, hannunki yana bayan tawul, tsinin gindinta inda ɓawo biyun suka haɗu yana kallon hannun da ke riƙe da wuƙa. Kar ki riƙe ta a tafin hannu a sama, nan ne ake yankewa. Ki sa bakin wuƙar a wannan mahaɗar ki rinƙa ɗan jujjuyawa har ta samu wurin zama, sai ki murɗa kamar kina buɗe ƙofa da makulli, za ki ji ɗas. Kar ki tura da ƙarfi, murɗawa ce ke yin aikin. Sai ki zare ki goge wuƙar a tawul don akwai laka a wurin, ki mayar ki bi da ita ta jikin rufin ɓawon na sama ki yanke tsokar da ke riƙe da shi, in gindin yana kallonki tsokar tana ɓangaren dama can gaba kaɗan. Ki ɗage murfin, ki bi ta ƙasa ki yanke ɗaya gefen. Guda uku na farko za su ba ki wuya, daga nan hannu ya gane. In sun yi taurin kai ki sa su a firiza minti 10 suna ɗan sakin jiki, amma kar ki manta da su a can.

Ga salak ki nemi ƙanana ko matsakaita, wadda za ta shige baki a loma ɗaya ba sai an yanka ba, don da kin yanka cikinta ke zubewa ya dama ruwan. Irin ta tekun Fasifik da Kumamoto ta Japan suna da ɗan zaƙi da wani ƙamshi kamar na kokwamba, su suka fi shiga da mangwaro. Ta gabar Atlantika ta Amurka ta fi gishiri. Mai faɗin nan ta Turai kuma tana da ɗanɗano mai ƙarfi kamar ka lashi ƙarfe, masoyanta na sonta amma ni ba zan haɗa ta da kayan zaƙi ba.

Ni dai a wajena in ba ɗanya ba to ba salak ɗin kawa ba ne, in an dafa an kashe abin.

Malamin_Asibiti:

Salam. Malam Ɗan Teku na yarda da duk abin da ka faɗa sai layinka na ƙarshe, nan kam sai mun ɗan ja.

Malama, amsar tambayarki ita ce lemun tsami ba ya kashe cutar da ke cikin kawa, barkono ba ya kashewa, khal ba ya kashewa. Farin da kika ga ta yi kama da dahuwa ne kawai a ido. Kuma ki gode Allah da abin ya lalace kika zubar, don ɗanyar kawa da aka buɗe ta yini a kwano ba abin ci ba ce ko da ta yi kyau.

Dalili kuwa, ita kawa tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki, babba guda ɗaya in yanayi ya yi mata daɗi tana iya tace har kusan lita 190 a rana. To duk abin da ke cikin ruwan nan yana taruwa a jikinta, mu kuma muna haɗiye ta ne gaba ɗaya har da kayan cikinta. Akwai ƙwayar bakteriya da ake kira Bibriyo, ita ba ma sai ruwa ya ƙazantu ba, a ruwan gaɓar teku take rayuwa dama, kuma tana yawaita in ruwa ya yi ɗumi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 80,000 ke kamuwa da ita duk shekara a ƙasar, wajen 52,000 daga ciki ta hanyar abinci. Yawanci gudawa ce da murɗar ciki da amai da zazzaɓi, ta fara cikin awa 24 ta yi kamar kwana 3 ta wuce. Amma akwai nau'i guda mai suna bulnifikus da ke shiga jini, ita kam cikin mutum 5 da ta kama kusan 1 ke rasuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ta da yawa, amma in ta zo ba ta wasa. Sannan ga norobairos mai sa amai da gudawa, da ciwon hanta nau'in A, su kuma daga ruwan da bahaya ya gurɓata suke zuwa, kuma daskarewa a firiza ba ta kashe norobairos.

Abin da ya sa na ja da Malam shi ne, gwajin ƙwanƙwasawa da shinshinawa yana nuna miki mai rai da matacciya ne kawai. Kawa mai ɗauke da Bibriyo ba ta da bambanci da lafiyayya, kama ɗaya ƙamshi ɗaya ɗanɗano ɗaya.

Waɗanda bai kamata su kusanci ɗanya ba sam: mai ciwon hanta kowane iri, mai ciwon suga, mai ciwon daji ko wanda ke kan maganinsa, mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, mai yawan sinadarin ƙarfe a jini, mai shan maganin rage tsamin ciki kullum, mai juna biyu, ƙananan yara da tsofaffi. In akwai ko mutum ɗaya irin wannan a teburinki ki dafa. In kin cire ta daga ɓawo ki tafasa aƙalla minti 3. In da ɓawonta ne ki tafasa har ta buɗe ki ƙara minti 3 zuwa 5, ko ki turara minti 4 zuwa 9 a tukunyar da ta riga ta ɗau tururi, wadda ta ƙi buɗewa ki jefar. In a oben ne minti 10 a zafin digiri 230.

Wani abin kuma da mutane ke mantawa, ƙwayar tana shiga ta rauni. Da wuƙar nan ta yanke ki ga ruwan kawa a hannu, ba ƙaramin abu ba ne. In ya faru ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu nan take, in kika ga wurin yana kumbura yana ja yana zafi ko ya yi ƙuraje masu ruwa, asibiti kai tsaye kuma ki faɗa musu kawa kike buɗewa.

Ki saya a wajen wanda zai iya nuna miki daga wane ruwa aka ɗebo ta da ranar da aka ɗebo. A Amurka ma doka ce mai sayarwa ya ajiye takardar shaidar kowane buhu har kwana 90 saboda in wani ya kwanta a bi sawu. Wannan yana da muhimmanci ko dafawa za ki yi, don akwai gubar da take ɗauka in wasu tsirran ruwa suka yi ambaliya har teku ya canja launi, ita wannan wuta ba ta kashe ta, kariyarta kawai kar a ɗebo daga wurin da aka rufe.

Ban ce ba ta da amfani ba fa, a cikin abinci da wuya a samu wanda ya kai ta sinadarin zinki, ga bitamin B12. Dafaffiyar ma tana da su.

Ɗan_Teku:

Malam na karɓa, girmanka ne. Ni lafiyata ƙalau shi ya sa nake cika baki. Amma ai akwai tsohuwar ƙa'idar nan ta Turawa cewa a ci ɗanya a watannin da sunansu ke da harafin r kawai, wato Satumba zuwa Afrilu, a bar Mayu zuwa Agusta, in mutum ya bi wannan ai ya rage.

Malamin_Asibiti:

Ya rage amma bai kawar ba, ana kamuwa a kowane wata, norobairos ma lokacin sanyi ya fi tashe. Ita ƙa'idar ta ƙasashen arewacin duniya ce, tun zamanin da babu firij, kuma watannin zafin nan su ne lokacin da kawa ke zuba ƙwai sai namanta ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa ba daɗi. A kudancin duniya lissafin juyawa yake, inda ruwa ke da ɗumi duk shekara kuwa ba ta aiki kwata-kwata. Kuma da Hausa za ka lissafa ma ka shiga uku, Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba duk ba r a cikinsu.

Anti_Mai_Cokali:

Hhhh Malam ka gama da shi. To ƙanwata in dafawa za ki yi ga dabara don kar ta zama roba. Ki tafasa ruwa kaɗan da citta da ɓawon lemun tsami koren kawai, ki juye ruwan kawar da kika tace a ciki shi ma ya dahu, don kar ki dafa nama ki dawo ki zuba masa ɗanyen ruwa, an yi ba a yi ba kenan. Ki zuba kawar, in ya dawo tafasa ki duba agogo minti 3 cif, za ki ga gefenta ya nannaɗe ta kumbura. Ki tsame ki baza a faranti mai sanyi da ke zaune a kan ƙanƙara, kar ki tsoma ta cikin ruwan ƙanƙarar zai wanke ɗanɗanon. Masu cewa a tsoma daƙiƙa 30 a cire, wannan gyaran fuska ne kawai, har yanzu ɗanya ce.

Za ta ƙanƙance fa, ki ƙara guda 4 ko 6 a lissafi. Kuma dafaffiya ta fi jure haɗi mai nauyi, nan ne madarar kwakwa ke shigowa, babban cokali 3 a madadin man nan, da lemun tsami, irin yadda mutanen Fiji da Tahiti ke yi wa kifinsu. Ita tana iya zama a cikin ruwan haɗin minti 15 ma ba komai, ta fi shan ɗanɗano. Ɗanyar abarba dai har yanzu a'a.

Sabuwar_Kuku:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Anti wlh da na karanta maganar wankin nan sai da na rufe fuska don kunya. Malam kuma ka tsorata ni amma gara da ka faɗa, don mahaifiyata tana da suga kuma da ita na yi niyyar ci ranar, Allah ne ya tsare.

Yau na sake gwadawa da guda 18, na samo wuƙar, ta farko ta ci min kusan minti 5 har na fara gumi amma ta wajen ta shida hannuna ya faɗa, ko ƙwarzane ban samu ba. Ɗaya na tarar bakinta a buɗe na ƙwanƙwasa ta yi shiru na jefar. Duka na dafa yadda Anti ta ce da madarar kwakwa da mangwaro mai ɗan ƙarfi da gasasshiyar abarba yanka biyu da soyayyiyar kwakwa a sama. Bai yi ruwa ba ko kaɗan, Mama har da neman ƙari. Gsky ba daidai yake da wanda na ci a liyafar ba, wancan ya fi santsi da sanyin nan na teku, wannan kuma ya fi kama ciki, amma ya yi daɗi. Kuskurena ɗaya attaruhun, na ga kwata kamar ya yi kaɗan na sa rabi, sai da muka sha ruwa muka ƙoshi.

Tambaya ta ƙarshe, ya rage kamar cokali huɗu, zan iya ajiyewa zuwa gobe?

Anti_Mai_Cokali:

Tunda dafaffiya ce kuma in bai daɗe a waje ba, wato bai kai awa 2 a kan tebur ba, ki rufe ki sa a firij ki cinye gobe da rana, sai dai na'a-na'ar za ta yi baƙi kokwambar ta saki ruwa, ki tsiyaye ki ƙara matsa lemu kaɗan. Da ɗanya ce da na ce ki zubar yanzun nan. Attaruhu kuma ai na faɗa miki kwata.

Ɗan_Zolaya:

Cokali huɗu kacal ake ta wannan shawarar? Ki cinye kawai kafin ki kwanta mana, ko ki miƙo nan.